Inci Arba'in da Ɗaya

Shafi na 12

Bari in fara da abin da na ɓoye muku a shafukan baya: farkawa nake tsoro.

Da yawanku kun cika mini akwatin saƙo da nasiha a kan mutuwa, na kuma gode. Sai dai abin da ke hana ni sakewa shi ne in buɗe ido bayan allurar barci ta sake ni, in hango tudun ƙafafuna a ƙarƙashin farin mayafin asibiti, in umarce su su motsa, su yi mini kunnen ƙashi.

Masu cewa na ja musu rai har kwana shida, ku gafarce ni. Sau uku ina rubuta wannan shafi ina gogewa, domin akwai mahaifiyata a cikinsa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: shekarata ashirin da shida, ina da difloma a awon filaye, ina aiki a ƙarƙashin wani safiyo. Wata takwas ke nan da babban yatsan ƙafata ta hagu ya daina jin takalmi. Daga nan abin ya yi ta hawa sannu a hankali, kamar ruwa a tanki. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙari a cikin ƙashin bayana, bai fi kan ɗan yatsa ba, yana danne laka. Likita ta ce sai tiyata. Sau biyu tana ba ni rana, sau biyu ina ɗagawa.

A gidanmu ba a ambaton tiyata a kan abinci. Ina da shekara huɗu Baba ya rasu, kuma tun da na yi wayo abin da na sani shi ne an shiga da shi ɗakin tiyata, ba a fito da shi da rai ba.

A ɗagawa ta biyu muka yi yarjejeniya da Likita. Zan riƙa auna iyakar inda fatata ta daina ji. In iyakar ta ƙi tsayawa, ta ci gaba da hawa, zan kawo kaina ba tare da gardama ba.

A aikinmu mutum ɗaya ba ya awo. Ɗaya yana bayan na'ura yana leƙawa, ɗaya yana can nesa riƙe da sanda. In mai sanda ya karkatar da ita, komai ƙwarewar mai leƙe, katangar wani za ta shiga filin wani. Shi ya sa ogana yake cewa ka zaɓi mai riƙe maka sanda kafin ka zaɓi na'ura.

Ni Umma na zaɓa.

Tela ce. Shekara talatin tana awon mutane, tef ba ya barin wuyanta sai in za ta kwanta. Kullum da safe, kafin ta hau keken ɗinki, sai in cire riga in fuskanci ƙofar ɗakin ɗinki, dugadugaina a kan layin da na ja da fenti a siminti, idona a rufe. Ita kuma ta zaro fil ta riƙa tsikara mini baya. Na hana ta bin jeri, don kada in yi hasashe. In na ji, in ce na ji. Inda na yi shiru ta shata da alli, ta ja tef daga ƙasa, ta faɗa mini lamba, in rubuta a littafina na awon filaye.

Talatin da shida. Talatin da takwas. Arba'in. Arba'in da ɗaya.

Sai ya tsaya.

Kwana ashirin da uku Umma tana faɗa mini arba'in da ɗaya. Na zana lambobin a takardar zane, layin ya hau, ya hau, sannan ya kwanta ya miƙe kamar sabon titi. Na fara cin abinci sosai. Har na aika wa ogana saƙo cewa ya ajiye mini wurina.

Ba zan ce jikina bai yi mini hannunka-mai-sanda ba. Ruwan wanka ya daina yi mini sanyi a ciki. Gefen teburi ya riƙa bugun haƙarƙarina ban sani ba sai na ga shaida. Amma a makaranta an koyar da mu cewa ido yana ruɗi, jiki yana ruɗi, tef ba ya ruɗi. Na gaskata lamba, na ƙaryata fatata.

Ranar Talata Yaya ta ɗauki izini daga makarantar da take koyarwa ta raka ni asibiti. Ita ce babbar yayata, ita kaɗai, kuma tun ranar da na karɓi difloma ba ta ƙara kirana da wani suna ba sai Injiniya, don ta san ni ba injiniya ba ne. A hanya ta yi ta zolayata cewa na riƙe takardar zanen nan kamar mai zuwa neman aure.

Likita mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan magana. Na shimfiɗa mata takardar a kan teburi, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ba ta taɓa ganin marar lafiya mai kyan rubutu irina ba, sannan ta ce in cire riga in tsaya.

Ta tsikara. Na ji. Ta tsikara. Na ji. Daga nan na yi ta jira, ina tsammanin ta tsaya duba wani abu ne. Ashe ta daɗe tana tsikarata.

Ta sa biro ta yi ɗigo, ta kamo hannuna ta baya ta ɗora yatsana a wurin. Ya wuce ƙugu. Ya wuce daidai cibiya. Yana ƙarƙashin haƙarƙari.

Na ce ba zai yiwu ba. Na zaro tef ɗina na ƙarfe daga aljihu, wanda ba na fita ba shi, na cire takalmi, na ce Yaya ta ja shi daga ƙasa.

“Arba'in da biyar,” in ji Yaya.

Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ƙila ƙasan ɗakin ne ba daidai ba. Na ce ƙila tef ɗin Umma ne ya miƙe don tsufa, tef ɗin tela yakan yi haka. Likita ta bar ni na gama lissafina, sannan ta tambaye ni ko tef yakan miƙe inci huɗu.

Na san ba ya yi.

Ta ce in zauna. Ta ce ba za ta rantse mini cewa zan tashi da ƙafafuna bayan aikin ba, domin wuri ne mai haɗari, kuma ita ba ta saba yi wa mutane alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Amma abin da za ta iya rantsewa a kai shi ne, in aka bar shi, zai ƙarasa abin da ya fara. Ta ce akwai gurbi ranar Alhamis, kuma tana son amsata kafin ƙarfe huɗu na yammacin ranar, in ba haka ba za ta ba wani.

Har na kai bakin ƙofa ta kira ni.

“Abu ɗaya. In fitsari ya ƙi fita, ko ya fita ba ka sani ba, kada ka jira Alhamis, kada ka jira kowa. Daga wannan lokacin sa'o'i ake ƙirgawa.”

A cikin tasi ni kaɗai na yi ta magana. Na lissafo wa Yaya duk hanyoyin da kuskure ke shiga awo: na kayan aiki, na wuri, na yanayi. Yaya, wadda ba ta iya shirun minti biyu, ta zuba wa titi ido har muka iso. Akwai kuskure na huɗu da ban ambata ba, kuma na san ta lura ban ambata ba.

Muka tarar da Umma a ɗakin ɗinki, ta shimfiɗa wani yadi ruwan goro a kan teburin yanka, fil uku a bakinta. Ta tambaya ta gefen baki ko Likita ta yaba da takardar. Ta ce ga abinci can a rufe, kada ya huce.

“Umma, ara mini tef ɗinki.”

Ta tofar da fil ɗin a tafin hannu, ta yi 'yar dariya, ta ce ko na bar awon filaye na dawo gadon gida ne. Ta zare shi daga wuya ta miƙo mini.

Na ture yadin gefe. Na shimfiɗa nata, na shimfiɗa nawa a jikinsa. Inci ɗaya ya hau kan inci ɗaya. Goma ta hau kan goma. Na bi su da yatsa har sittin, bambancin bai kai kaurin zare ba. Ban taɓa roƙon Allah ya sa kayan aiki su yi ƙarya ba sai ranar.

“Arba'in da biyar Likita ta samu,” na ce.

“Su likitoci ai da irin nasu awon.”

“Da tef ɗina aka auna, Umma. A gabana.”

“To ka tsaya a karkace ne. Kai dama ba ka iya tsayuwa ba, tun kana yaro in zan gwada maka riga sai na riƙe ka.”

Ta janyo yadin ta ci gaba da yanka. Almakashin nan na shekara talatin, wanda ke tafiya a yadi kamar kifi a ruwa, na ga ya kauce daga layin alli.

Yaya ta ajiye jakarta, ta nufi keken ɗinki, ta ja ƙaramin aljihunsa na gefe.

“Ajiye mini littafina,” in ji Umma.

Da wannan murya take tsayar da mu muna yara, ko muna tsakiyar gudu. Yaya ta ɗan tsaya. Sannan ta zaro shi.

Littafin awo ne, baƙi, bangonsa ya yi laushi don shan hannu. Kowane shafi da mai shi: kafaɗa, hannu, ƙirji, ƙugu, tsawo. Tun muna ƙanana mun san wani hali na Umma. Mace za ta zo ta ƙara jiki, Umma ta zagaya mata tef ta ce ƙugunta yana nan yadda yake bara, matar ta fita tana murna, alhali a littafi an ƙara inci uku. In muka yi mata dariya sai ta ce baki na mai kaya ne, littafi na almakashi, shi ba a yi masa ƙarya.

Yaya ta juya littafin ta baya, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ajiye a gabana.

A inda ake rubuta sunan mai kaya an rubuta Auta. Haka Umma take kirana. Babu kafaɗa, babu hannu. Jeri ɗaya ne na lambobi, kowace da ranarta, da rubutun Umma mai kwanciya gefe.

Arba'in da ɗaya. Arba'in da ɗaya da rabi. Arba'in da biyu.

Na bi su har ƙasa. Ta ƙarshe ta safiyar ranar ce. Arba'in da biyar.

Na tsaya ina kallon shafin. Abin da ya fara zo mini, kuma ina jin kunyar faɗa, shi ne awon ya yi kyau. Babu ranar da ta tsallake. Har rabi da kwata ta rubuta.

“Ni ma mai kaya ne, Umma?”

Ta ajiye almakashi, ta lalubi kujerar keke ta zauna.

Na ce mata kwana ashirin da uku. Na ce ta san abin da kwana ashirin da uku yake nufi a lakar mutum? Na ce ni na zaɓe ta, ban zaɓi Yaya ba, ban zaɓi abokina ba, domin na ɗauka in duk duniya za ta karkatar mini da sanda, ita ba za ta yi ba. Amma ban ɗaga murya ba. Ban taɓa ɗaga wa Umma murya ba, kuma ban san yadda ake yi ba.

Da ta buɗe baki, ba haƙuri ta ba ni ba. Bayani ta yi mini, a natse, kamar tana gaya wa mai kaya yadda ɗinki zai kasance. Ta ce ta riga ta auna ƙofar ɗakina, inci talatin da biyu ce, keken guragu zai shiga har da saura. Ta ce dakalin bakin gida ne kawai za a fasa a yi gangare. Ta ce har yanzu da ƙarfinta, za ta iya ɗaga ni, ai ta taɓa ɗauka ta.

Sai idona ya sauka a kan matashiyar da ke ƙarƙashin teburi, mai kauri, mai kusurwa huɗu, wadda ta yi mako biyu tana cusa wa ƙyallaye. Da na tambaya ta ce ta wata mata ce mai ciwon baya.

Tawa ce. Ta gama ɗinka mini wurin zama tun ina kan ƙafafuna.

“Na gwammace in tura ka da hannuna kana numfashi,” in ji Umma, “da in karɓo ka a naɗe, kamar yadda na karɓo babanku.”

Na sunkuyar da kai, domin duk lokacin da aka ambaci Baba a gidanmu nan magana take ƙarewa.

“Ba a naɗe kika karɓo shi ba, Umma.”

Yaya ce. Ba ta ɗaga murya ba. Tana tsaye a jikin keke, hannunta a kan wilin.

“Da ƙafarsa ya fito. Ni na rungumo filonsa.”

Umma ta ce mata ta yi shiru. Ta ce yarinya 'yar shekara tara me ta sani. Yaya ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta yi shiru shekara ashirin da biyu, kuma da shirun zai tsaya a kan wanda ya riga ya tafi da ta ci gaba da yi har ta mutu.

Sannan ta juyo gare ni ta faɗa mini, tiryan-tiryan.

Kumburi ne a cikin Baba. An kwantar da shi, an sa ranar aiki. Ana gobe za a yi, aka shiga da mutumin da ke gadon kusa da nasa, wani mai yawan raha da suke raba lemo da Baba. Da la'asar sai ga ma'aikata sun zo sun naɗe katifarsa, sun zuba kayansa a leda. Umma tana zaune ta ga komai. Ta kama ƙafar Baba tana kuka, tana roƙonsa da girman Allah su tafi gida. Baba, wanda bai taɓa iya ce mata a'a ba, ya ce a miƙo masa hularsa. Suka jira ma'aikatan jinya suna canjin aiki, suka fita ta ƙofar baya.

Ni ina gidan Kawu, ban san komai ba.

Kwana goma sha tara Baba ya yi. A wannan ɗakin, in ji Yaya, daidai inda teburin yanka yake yanzu. Da mutane suka zo gaisuwa, wata tsohuwa ta tambayi Umma ko aikin ne bai yi ba. Umma ta gyaɗa kai. Daga wannan gyaɗa kai labarin ya tashi, ya yi ƙafafu, ya zaga dangi, ya dawo gida ya zauna. Babu wanda ya ce wa Yaya ta rufe baki. Ita ta gane da kanta.

Na dafa teburin, sai na tuna abin da aka ce game da wurin, na ɗauke hannuna.

Shekara ashirin da biyu ina ƙin mutanen da ba su taɓa mahaifina ba. Haƙorina ya yi shekara yana ciwo na ƙi a cire. In na hango likita da koren kaya sai in canza hanya. Duk gidan tsoron da na gina, a kan turken da ba a wurinsa yake ba na gina shi.

Na dubi Umma. Ba ta kuka. Ta ƙura wa tef ɗinta ido, wanda ke shimfiɗe a jikin nawa.

“Umma, kin ga inda gudu ya kai. Da idonki kika gani, a ɗakin nan. Me ya sa za ki sake da ni?”

Ta ɗago kai ta dube ni.

“In aka yanka ka ka tashi, Auta, to ni na kashe shi.”

Yaya ta rufe baki da hannu.

“In kuma ba ka tashi ba, na rasa biyu. Ko ta ina wuƙar nan ta faɗa, a kaina take sauka. Shi ya sa na ce bari in riƙe wanda ke hannuna.”



Agogon bango ya nuna uku da minti ashirin. Yaya ta matso ta ce Injiniya, lokaci, in kira Likita. Wannan karon babu zolaya a sunan.

Zan so in ce muku gaskiyar da na ji ta wanke mini tsoro. Ba ta wanke ba. Mutumin gadon kusa da Baba da gaske ya shiga bai fito ba. Likita da bakinta ta ce ba za ta rantse ba. Ƙafafuna sun yi nauyi, sun yi sanyi, amma suna ɗauke da ni, kuma ranar Alhamis ana iya karɓe ko wannan ɗin. Na riƙe wayata, na buɗe lambar, yatsana ya ƙi dannawa.

A awo, in ka gano kuskure, ba a gyara shi daga tsakiya. Turken farko ake komawa.

Na ajiye wayar. Na cire riga. Na ja ƙafa zuwa bakin ƙofa, na daidaita dugadugaina a kan layin fenti.

“Umma, zo ki auna ni. Ki faɗa mini abin da za ki rubuta.”

Ta ce ba za ta iya ba. Yaya ta ce bari ita ta yi. Na ce a'a, mai sandar farko nake so.

Na rufe ido. Na ji kujera ta motsa, na ji takunta. Hannunta na hagu ya sauka a kafaɗata kamar kullum.

Ta tsikara. Na ce na ji.

Ta tsikara. Na ce na ji.

Ta tsikara a wani wuri, na ji kamar daga nesa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Na ce kaɗan.

Daga nan shiru.

Na ji ƙarar alli a fata, ba a jikina na ji ba, a kunne. Na ji gwiwarta ta yi ƙara ta durƙusa don ta kafa bakin tef a ƙasa.

Na jira lamba.

Lamba ba ta zo ba.

Na ce Umma. Ba ta amsa ba. Na ce Yaya. Sai na ji Yaya ta ja numfashi ta riƙe. A cikin wannan shirun kunnena ya kamo wani ɗan sauti a ƙasa, ɗis, ɗis, a kan siminti.

Na buɗe ido na duba.

Wandona ya yi duhu tun daga sama har ƙasa. Ruwa ya taru tsakanin ƙafafuna, ya rufe layin fenti, ya jiƙa bakin tef ɗin da ke hannun Umma. Ban ji fitarsa ba. Ban ji ɗuminsa ba. Da ban duba ba, da har yanzu ina tsaye ina jiran lamba.

Ni, mai shekara ashirin da shida, a gaban mahaifiyata da yayata.

Umma ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba. Ta fizgo yadin nan ruwan goro daga teburi, yadin mai kaya, ita da ba ta taɓa bari mu taɓa kayan mutane ko da wankakken hannu ba, ta naɗa mini a ƙugu ta ɗaure. Ta tsaya a bayana, goshinta a tsakanin kafaɗuna, inda har yanzu nake ji.

“Arba'in da biyar da rabi,” ta ce. “Da safe babu rabin.”

Na dubi agogo. Uku da rabi. Sa'o'i ake ƙirgawa, in ji Likita, kuma ban san tun yaushe aka fara ƙirgar ba.

Na juya, na riƙe ƙofa da hannu ɗaya, na faɗa da ƙarfi yadda ni kaina zan ji, don kada in samu hanyar janyewa.

“Yaya, kira tasi, ki kira Likita ki ce ba sai Alhamis ba, ga mu nan. Umma, ɗauko mayafinki, ki taho da littafinki, shi za a duba ba nawa ba. Yau zan kwanta a yi mini aikin nan.”